Inexorable, adamant ko intransigent: wace kalmar Turanci ta dace da wanda ya ƙi tanƙwaruwa?

Duk wanda ya taɓa zama zai juya jimla irin "ya ƙeƙasa ƙasa ya ƙi" zuwa Turanci ya san inda gizo ke saƙa. Ƙamus zai jero masa kalmomi a layi ɗaya kamar 'yan ɗaki ɗaya: *inexorable*, *adamant*, *intransigent*, *implacable*, *relentless*, *obdurate*, sannan ya bar shi da zaɓi. Yawancin ɗalibai da masu fassara sai su ɗauki wadda ta fi tsawo, ko wadda suka fi cin karo da ita a jarida, kuma nan ake yin ɓarin. Mu ma a Hausa ba ma haɗa mai kafiya da mai riƙo, ba ma ce wa mai naci mai ƙeƙasasshiyar zuciya, kuma mun san bambancin wanda ya hau kujerar na-ƙi a zaman sulhu da tsufa da ke zuwa ba ya neman iznin kowa. Turanci yana da waɗannan bambance-bambancen duka, sai dai ya binne su cikin saiwoyin Latin da Girkanci da ba a cika koyarwa a aji ba.

Biyar daga cikin kalmomin nan shida an gina su ne a kan korewa: ɗafa-goshin *in-*, *im-* da *a-*, da ɗafa-ƙeyar *-less*, duk ma'anarsu "babu" ko "ba ya yiwuwa". Wato kowace kalma tana ɗauke da labarin wani abu da aka gwada bai ci ba. Roƙo aka yi? Ba da baki aka yi? Nema aka yi kowa ya yi ragi? Jira aka yi ya gaji? Amsar wannan tambaya ita ke zaɓar kalmar, kafin a zo ga sauran ma'aunai.

Ma'aunan da za a bi

Na farko shi ne wanda aka ambata: me aka gwada ya faskara, kuma a kan wa? Wasu kalmomin mutum kawai ake liƙa wa, wasu sun fi zama a kan abin da ba shi da rai.

Na biyu tsada. Kalma ba a sayenta da kuɗi, amma mai karatu yana biya da lokacinsa. Idan sai ya ajiye takardarka ya buɗe ƙamus, ka caje shi da tsada, kuma ba kowa ke biya ba.

Na uku ƙarko: shin ma'anar za ta tsaya daram ko a Landan aka karanta, ko a Amurka, ko a Abuja, kuma ba ta fara warin tsufa ba?

Na huɗu sauƙi, wato furuci da rubutu da irin kalmomin da take yarda su bi ta. Wannan na ƙarshen ne ke kayar da mutane a jarrabawa, domin mai duba takarda ya fi lura da abokan tafiyar kalma a kan girmanta.

Na biyar haɗari: wace kalma ake rikita ta da ita, kuma shin tana sa marubuci ya ɗauki ɓangare ba tare da ya sani ba? Ga ɗan jarida wannan ma'aunin ya fi sauran nauyi.

Inexorable

Asalinta *inexorabilis* ce ta Latin, kuma tana rabuwa gida uku. Akwai *orare*, wato roƙo ko addu'a ko gabatar da ƙorafi a gaban mai iko. Aka sa mata *ex-* ta zama *exorare*, a yi ta roƙon mutum har a ci nasara a kansa. Sai *in-* ta zo ta kore duka. Ma'anar farko ke nan: wanda roƙo ba ya motsa shi. Daga wannan saiwa ta *orare* aka samu *orator* da *oracle* da *adore*. Kalmar ta shiga Turanci a tsakiyar ƙarni na 16, kuma a lokacin mutane ake siffantawa da ita: alƙali, sarki, mai bin bashi.

Yau amfanin ya karkata. Za ka fi samunta a kan abin da ke tafiya sannu a hankali zuwa wani wuri kuma babu mai tsayar da shi: shuɗewar lokaci, tsufa, hauhawar farashi, raguwar jama'ar wani gari, ko hujjar da ke jan mutum mataki-mataki zuwa sakamakon da ba ya so. Shi ya sa abokan tafiyarta su ne *rise*, *decline*, *march*, *progress* da *logic*. Turawan Ingila suna da labarin da ya fito da ma'anar sarai. Wani marubucin tarihi na ƙarni na 12 ya ruwaito cewa Sarki Kanut, wanda ya mulki Ingila daga 1016 zuwa 1035, ya sa aka ajiye masa kujera a bakin teku ya umarci ruwa kada ya taso. Ruwa ya taso ya jiƙa masa ƙafafu, shi kuma ya ce kowa ya shaida ikon sarakuna ba komai ba ne a gaban ikon Ubangiji. Tasowar ruwan nan ita ce *inexorable*. Ba fushi take yi ba, ba gaba take yi da kowa ba, kunnen jin magana ne ba ta da shi.

Tana da tsada matsakaiciya zuwa sama: kalmar rubutu ce, ta sharhin jarida da littafin tarihi, ba a jin ta a hirar shan shayi. Ƙarkonta kuwa babu tantama, ma'ana ɗaya ce a ko'ina. Gaɓoɓinta biyar, kuma murya tana sauka a ta biyu: in-EK-sa-ra-bul. Masu cewa in-ek-ZO-rabul sun karkatar da ita. Galibi tana zuwa gaban suna, kamar *the inexorable rise in prices*, kuma bayanaunta *inexorably* ya fi sifar saurin shiga jimla.

Haɗarinta biyu ne. Na farko rikita ta da *inevitable*, wadda ta fito daga *evitare*, kaucewa. *Inevitable* aukuwa ce da ba makawa za ta zo, ko da ba ta fara ba. *Inexorable* tafiya ce da ta riga ta fara. Mutuwa *inevitable* ce, tsufan da ke kai mutum gare ta shi ne *inexorable*. Saboda haka ba a amfani da *inexorable* ga abin da ya faru farat ɗaya, kamar hatsarin mota ko gobara. Haɗari na biyu ya fi ɓuya: wanda ya rubuta cewa durƙushewar wata masana'anta *inexorable* ce, ya yanke hukunci cewa babu magani. Wannan ra'ayi ne sanye da rigar rahoto, kuma edita mai ido zai tambaye shi hujja.

Adamant

Wannan ita ce mai tarihin da ya fi daɗin ji, domin da farko sunan dutse ce. Girkawa suna da kalmar *adamas*, daga *a-* ta korewa da aikatau mai ma'anar horar da dabba, wato abin da ba ya horuwa. Da ita suke kiran ƙarfe ko dutsen da ya fi komai tauri. Ta bi ta Latin ta shiga tsohon Turanci tun kafin 1066. Kalmar *diamond* ma ita ce, ta sauya kama a bakin masu Latin na baya da Faransawa, haka nan *almas* da Larabawa ke kiran dutsen daimon da ita. A tsakiyar zamanai Turawa sun riƙa rikita wannan dutse da maganaɗisu, har ya zama *aimant*, sunan maganaɗisu a Faransanci, daga wannan tushen ya fito. A fassarar Baibul ta Turanci ta 1611, a littafin Zakariya, an siffanta mutanen da suka mayar da zukatansu kamar dutsen *adamant* don kada su ji doka. Daga irin wannan kamance ne sunan dutse ya rikiɗe ya zama sifar mutum.

A yau ma'anarta ta yi sanyi ƙwarai idan aka kwatanta da wancan asali. Mutum ne ya dage a kan magana ɗaya ko shawara ɗaya, an yi an yi ya ƙi canzawa. Abin lura shi ne magana ɗaya: *adamant* matsayi take nunawa a kan wani batu, ba halin mutum na kullum ba. Mutum mai sauƙin kai zai iya zama *adamant* cewa ya biya kuɗin haya. Daidai take da "ya tsaya kai da fata" ko "ya dage".

Ita ce mafi araha cikin shidan bayan *relentless*. Kanun jaridun Turanci na Najeriya cike suke da ita, musamman a siffar *remains adamant*, don haka mai karatu ba zai tsaya ba. Furucinta gaɓa uku, murya a ta farko: A-da-mant. Tana da wata baiwa da sauran biyar ba su da ita, wato tana ɗaukar jimla bayanta da *that*: *She was adamant that she had paid*. Ba za ka iya sa *intransigent* ko *obdurate* a wannan gurbi ba. Tana kuma tafiya da *about* da *in*, kamar *adamant about leaving* da *adamant in his refusal*. Kuskuren da ya fi yawa shi ne *adamant to go*, wanda ake kwaikwaya daga *determined to go*. Bature ba ya faɗin haka. Kuskure na biyu shi ne liƙa ta ga abin da ba ya magana: farashi ko ruwan sama ba sa zama *adamant*, domin ba su da ra'ayin da za su dage a kai. Gwamnati ko kamfani ko ƙungiya kuwa suna iya zama, tunda suna da bakin magana.

Haɗarinta kaɗan ne, kuma wannan shi ne babban cinikinta. Ba ta yabo, ba ta zagi. Ta ce mutum ya ƙi motsawa, ba ta ce ko yana da gaskiya ko ba shi da ita ba.

Intransigent

Ita ce auta, kuma a fagen siyasa aka haife ta. A ranar 11 ga Fabrairu 1873 Sarki Amadeo ya sauka daga sarautar Sifaniya aka kafa jamhuriya, wadda ta yi shugabanni huɗu cikin wata goma sha ɗaya. Cikin 'yan jamhuriyar akwai ɓangaren da ke son a kafa tsarin tarayya nan take, daga garuruwa zuwa sama, ba tare da jiran majalisa ta gama rubuta tsarin mulki ba. Su ake kira *los intransigentes*, waɗanda ba sa yarda a yi ragi. A watan Yuli na shekarar suka fice daga majalisa, tawaye ya ɓarke a garuruwa da dama, birnin Kartahena ya riƙe wuta har Janairu 1874. Sunan ya tsallaka Faransa, inda Henri Rochefort ya kafa jarida mai suna *L'Intransigeant* a 1880, kuma a daidai wannan tsakani kalmar ta zauna a Turanci.

Saiwarta *transigere* ce ta Latin, a kai magana ƙarshe ta hanyar daidaitawa, kuma daga ita aka samu *transaction*, wato ciniki. To abin da ya faskara a nan ciniki ne. Dole a samu ɓangarori biyu, da tebur, da tayin da aka yi aka ƙi sallamawa. Idan babu wanda ake tattaunawa da shi, kalmar ba ta da wurin zama. Yaron da ya ƙi cin abinci ba *intransigent* ba ne, sai dai in ba'a ake yi.

Wurinta shi ne yajin aiki, zaman sulhu, rikicin iyaka, rabon gado da ya kai kotu. A yajin aikin masu haƙar kwal na Birtaniya, daga Maris 1984 zuwa Maris 1985, magoya bayan Firaminista Margaret Thatcher suna ganin shugaban ƙungiyar ma'aikatan, Arthur Scargill, shi ne ya ƙi sassautawa, magoya bayansa kuma suna ganin ita ce. Wannan misali ya nuna haɗarin kalmar: kusan kullum zargi ce da wani ɓangare ke jifan ɗaya da ita. Ba a cika jin mutum ya kira kansa *intransigent* a Turanci ba, zai ce shi *firm* ne ko *principled*. Ɗauki yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Mai rahoton da ya rubuta cewa gwamnati ko ƙungiyar ta kasance *adamant* ya ba da labari. Wanda ya rubuta *intransigent* da bakinsa, ba tare da ya jingina ta ga wanda ya faɗa ba, ya ɗora laifin jinkirin a kan ɓangare ɗaya.

Tana da tsada, gaɓoɓi huɗu: in-TIRAN-si-jant, inda *g* ke fita kamar j, kuma wasalin da ke tsakanin t da r a rubutun nan na taimakon harshe ne kawai, a gajarce shi sosai. Ƙarshenta *-ent* ne, ba *-ant* ba. Sunanta *intransigence* yana yawan fin sifar dacewa a jimla. Ɗalibai kan rikita ta da *intransitive* ta darasin nahawu, wadda ba ruwanta da ita.

Implacable

Daga *placare* ta Latin, kwantar wa mai fushi da hankali, wadda ta haifi *placate*. Ɗafa-goshin *in-* ya koma *im-* saboda *p* da ke biye. Abin da aka gwada a nan ba da baki ne da ban haƙuri, kuma bai shiga ba. Saboda haka akwai wuta a cikinta: gaba, ƙiyayya, ƙullaci. Abokan tafiyarta ba su da yawa, kuma kusan ba sa canzawa: *enemy*, *foe*, *hatred*, *hostility*, *opposition*, sai *implacably opposed*. Misalin da tarihin Turai ya fi kawowa shi ne Kato Babba, ɗan majalisar Rum da aka ruwaito yana rufe jawabansa da kiran a rusa birnin Kartaj, ko da batun da ake yi daban ne. Ya mutu kafin a rusa birnin a shekara ta 146 kafin haihuwar Annabi Isa, bai huce ba.

A fagen yaƙi tana iya zama kirari. Sojojin ruwan Birtaniya sun kama wani jirgin yaƙin Faransa a 1805 suka sa masa suna *Implacable*, kuma ya daɗe har 1949 kafin a nutsar da shi da gangan.

Tsadarta kamar ta *inexorable*, ƙarkonta mai kyau. Wahalarta ga mai jin Hausa tana wajen *pl*: a haɗe leɓɓa sosai, kada ta fita imfilakabul. Murya a gaɓa ta biyu. Haɗarin da ya fi muni shi ne rikita ta da *impeccable*, wadda ke nufin marar aibi. Wanda ya so ya yabi shugabansa a wasiƙar shaida da cewa halinsa *impeccable* ne, ya rubuta *implacable*, ya ce mutumin mai riƙo ne da ba ya yafiya.

Relentless

Ita kaɗai ce aikataunta ke raye a bakin mutane: *relent*, a sassauta. A Turancin ƙarni na 14 *relent* narkewa take nufi, daga *lentus* ta Latin, mai laushi ko mai nawa, kuma an sa mata *-less* a ƙarshen ƙarni na 16. Abin da aka jira bai zo ba shi ne sassauci. Babu ƙaƙƙautawa, ba kama hannun yaro.

Bambancinta da *inexorable* yana wajen ƙarfi da alƙibla. *Relentless* bugu ne da ba ya raguwa, ko da bai kai ko'ina ba. Ruwan bama-baman da Jamus ta yi wa Landan kusan kowane dare na kimanin wata biyu daga 7 ga Satumba 1940 *relentless* ne, amma bai zama *inexorable* ba, tunda bai kai Birtaniya ga miƙa wuya ba. Tana hawa kan mutum da abu duka: zafin rana, ruwan sama, matsin lamba, ɗan wasan gaba, mai bincike.

Ita ce mafi araha, kowa ya san ta, kuma ita kaɗai ce ke zama yabo ba tare da wani bayani ba. Wannan arahar ce ta jawo mata ciwo: masu talla da masu sharhin ƙwallo sun tatse ta har ta fara salancewa. A kula kada a rikita ta da *restless*, marar sukuni, ko *reckless*, mai ganganci.

Obdurate

Ita ce ba ta da korewa. Daga *durus* take, mai tauri, 'yar'uwar *durable* da *endure*, kuma ta shiga Turanci a ƙarni na 15 da ma'anar addini: wanda ya taurare a kan zunubi ya ƙi tuba. Zuciyar da ta ƙeƙashe ke nan, irin ta Fir'auna. Har yanzu wannan hukuncin bai bar ta ba, tana nuna mutum ya san daidai ya ƙi bi. Masu sharhin wasan kurket, wasan buga ƙwallo da sanda, a Birtaniya suna amfani da ita a matsayin yabo ga ɗan wasan da abokan karawa suka kasa fitarwa, amma wannan lungu ne na musamman. Ita ce mafi tsada, kuma ƙarkonta ya fara rauni, domin ta fi zama a littattafai. Furucinta ya bambanta: OB-ju-rat a Ingila, OB-du-rat a Amurka. Sau tara cikin goma, *obstinate* ko *stubborn* za su yi aikin.

| Kalma | Abin da ya faskara | Wa take hawa | Tsada | Ƙarko | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| inexorable | roƙo | abu mai tafiya a hankali | sama | mai ƙarfi | gaɓa 5, furuci na kayarwa | tana yanke cewa babu magani |
| adamant | jayayya da lallashi | mutum ko hukuma, kan batu ɗaya | ƙasa | mai ƙarfi | gaɓa 3, nahawu na son kula | kaɗan |
| intransigent | tayin sasantawa | ɓangare a tattaunawa | sama | mai ƙarfi | gaɓa 4, rubutu na ruɗi | zargi ce |
| implacable | ban haƙuri | maƙiyi, gaba | sama | mai ƙarfi | gaɓa 4, *pl* na wuya | rikicewa da *impeccable* |
| relentless | jiran sassauci | mutum da abu | ƙasa ƙwarai | ta fara salancewa | gaɓa 3 | kaɗan |
| obdurate | wa'azi da nasiha | mutum | sama ƙwarai | yana rauni | furuci biyu | hukunci ce kan hali |

Ga masu karatu a Nijar da Kamaru da Chadi da suka shigo Turanci ta ƙofar Faransanci, akwai sauƙi da tarko. *Inexorable* da *implacable* rubutunsu ɗaya ne a harsunan biyu, ma'anarsu ma kusa take. Tarkon yana wajen *intransigeant*. A Faransanci ana iya yabon alƙali ko malami da ita, a ce ba ya wasa da ƙa'ida. In aka ɗauko wannan yabon kai tsaye zuwa Turanci sai ya koma suka, kalmar da ta dace a nan ita ce *uncompromising*. Sannan a jefar da *a* ɗin da ke ƙarshen rubutun Faransanci. *Adamant* kuwa ba ta da takwara mai kama da ita a Faransancin yau da kullum, shi ya sa masu wannan tushe ke mantawa da ita alhali ita ce ta fi amfani.

Wa ya kamata ya ɗauki wace

Ɗan jarida mai rubuta labari, ko mai fassara sanarwa daga Hausa, ya riƙe *adamant*. "Gwamna ya dage cewa ba zai janye ba", "iyayen sun tsaya kai da fata", duk ita ce. Ya bar *intransigent* sai in yana ruwaito abin da wani ɓangare ya ce, kuma ya faɗi wanda ya ce.

Mai rubuta sharhi ko maƙalar ra'ayi, wanda ya riga ya yanke shawarar wa ya hana sulhu kuma yana da hujja, shi ne mai *intransigent*. Ya tabbata akwai tayin da aka yi aka ƙi, ya kuma ambace shi a sakin layin.

Ɗalibi mai rubuta insha'i a jarrabawar WAEC ko NECO ko IELTS ta gwada iya Turanci kan yawan jama'a, sauyin yanayi ko ƙaura zuwa birane, *inexorable* za ta yi masa kyau sau ɗaya a takarda, a gaban *rise* ko *decline*, in dai abin da yake bayani a hankali yake tafiya kuma ya daɗe yana tafiya. Idan bai tabbata da rubutunta ba, *steady* da aka rubuta daidai ta fi *inexorable* da aka gurgunta maki.

Mai rubuta takardar neman aiki ko wasiƙar yabo ya nisanci biyar daga cikin shidan. *Relentless* kawai ke iya shiga, ita ma gara a haɗa ta da abin da aka nace a kai, kamar *relentless in following up debts*. In tsayuwa kan gaskiya ake son yabawa, *firm*, *resolute* da *steadfast* su ne kayan aikin.

Mai rubuta tarihi ko ƙagaggen labari da ke son nuna gabar da ta ƙi mutuwa tsakanin gidaje biyu ko dauloli biyu, *implacable* ce tasa. Mai fassara wa'azi ko tafsiri da ya iso kan zukatan da suka ƙeƙashe yana iya ɗaukar *obdurate* in masu karatunsa 'yan jami'a ne, in kuwa jama'ar gari ne, *hardened* ta fi isa kunne. Yaro mai kunnen ƙashi da jakin da ya turje a tsakiyar hanya, *stubborn* ta ishe su.